Kuturtar Gyaɗa ta 1975 da Darasinta ga Manoman Ƙasar Yauri

Gabatarwa

Kowace shekara idan muka zo kan darasin tattalin arzikin Arewa, mukan tambayi ɗalibanmu ko mene ne ya rushe dalar gyaɗa ta Kano. Kafin mu rufe baki sai hannuwa su tashi, amsar kuwa guda ce, wato man fetur. Wannan amsa tana da gaskiya a cikinta, amma ba ta cika ba, domin kuwa akwai wani ɗan ƙwaro da bai kai ƙwayar gero girma ba, wanda a cikin damina ɗaya tak ya yi wa gyaɗar Arewa ɓarnar da ta daɗe ba ta farfaɗo daga gare ta ba. Manufar wannan maƙala ita ce mu waiwayi tarihin wannan annoba ta shekarar 1975, mu ga yadda ta faru da abin da ya ba ta ƙofa, sa'an nan mu auna ta da halin da noman shinkafa da albasa yake ciki a nan ƙasar Yauri. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, to amma ga manomi waiwaye ya wuce ado, domin abincin baɗi ya dogara a kansa.

Tun kafin zuwan Turawa manomin ƙasar Hausa ya san tsiro yana ciwo kamar yadda mutum da dabba suke yi, shaidar haka kuwa tana cikin harshenmu. Muna da ɓurtuntuna, wadda take mai da zangarniyar dawa baƙin gari. Muna da domana mai ɓata hatsi tun yana tsaye a gona. Muna da darɓa, wato danƙon nan da yake lulluɓe ganyen wake da dawa, tare da ƙananan ƙwarin da suke haddasa shi. Gyaɗar da ta tsugune ta ƙi girma, ganyenta ya ƙanƙance ya dunƙule kamar hannun da ya rasa yatsu, ita ce kakanninmu suka ce ta kuturce. Al'ummar da ta raɗa wa cuta suna ta daɗe tana fama da ita ke nan.

Yadda Gyaɗa ta Zama Sarauniya

Lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, aka kuma buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912, burin Turawan mulkin mallaka shi ne auduga, domin masaƙun Ingila. Manoma da fatake suka yi nasu lissafin daban. Gyaɗa ta fi kuɗi, ba ta cin ƙarfin ƙasa, harawarta abincin dabbobi ce, idan kuma yunwa ta matsa ana iya cin ta, alhali ba mai cin auduga. Fataken goro na Kano, waɗanda suka riga suka san sirrin bashi da dillanci, su ne suka bazu ƙauyuka suna saye. A 1913 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ta haura tan 19,000. Sai dai tun a wannan farkon aka ga alamar haɗari, domin yunwar nan da ake kira Kakalaba ta auku a 1913 zuwa 1914, ta kuwa sami mutane da yawa sun rage gonar hatsi sun ƙara ta gyaɗa.

Daga nan ciniki ya yi ta bunƙasa. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya zama babban mai saya wa kamfanonin Turawa, shi ne kuma aka fi dangantawa da tsarin jera buhuna a yi dala, wadda kowace ɗaya takan ci buhu kimanin 15,000. Dalilin dalar shi ne jirgin ƙasa ba ya iya kwashe kayan da wuri, sai a tara su suna jiran layi. Hanyar jirgi ta kai Ƙauran Namoda a 1929, ta kai Nguru a 1930, duk domin gyaɗa da auduga. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta ƙasa, a 1954 kuma cinikin ya koma hannun hukumar Jihar Arewa. A shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, da rarar kuɗinta ne kuma gwamnatin Sardauna ta yi ayyuka da dama na makarantu da hanyoyi da masana'antu.

To amma wannan arziki yana da rauni a gindinsa. Hukumar ciniki takan biya manomi farashin da bai kai na kasuwar duniya ba, ta riƙe sauran. Saboda haka manomi yana noman gyaɗa ne a kan riba 'yar kaɗan, wadda da ita yake biyan haraji, ya yi sutura, ya aurar da 'ya'ya. Mutumin da yake tsaye a kan ƙafa ɗaya kuwa ba ya bukatar turi mai ƙarfi.

Halin da Ƙasar Yauri Take Ciki a Lokacin

Mu a nan ba a san mu da dala ba. An san mu da kogi, da kifi, da shinkafa, da albasar da Gungawa suka shahara da nomanta a tsibirai ta hanyar ban ruwa tun kafin a san injin ban ruwa. Amma a gonakin tudu na wajen Shanga da Ngaski da kewayen Birnin Yauri ana shuka gyaɗa tare da dawa da gero, matan gida kuma da ita suke man gyaɗa da ƙuliƙuli, sana'ar da ta riƙe gidaje da yawa.

Shekarun da suka gabaci annobar ba su zo wa mutanenmu da sauƙi ba. An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968, tafkin da ya taru ya shafe fiye da murabba'in kilomita 1,200, ya kuma tashi mutane kimanin 44,000 daga gidajensu a ƙasashen Yauri da Borgu da maƙwabtansu. Wannan ya faru ne a zamanin Sarkin Yauri Muhammadu Tukur. Tsibiran da ake noman albasa da fadamun shinkafa da yawa suka nutse, mutanen da suka gaji noman bakin ruwa suka koma tudu suna koyon dogaro da ruwan sama. Ba su gama zama ba sai ga farin 1972 zuwa 1974, wanda ya ƙone amfanin gona ya kashe dabbobi tun daga Senegal har Chadi. A wancan lokaci Yauri tana cikin Jihar Arewa maso Yamma mai hedkwata a Sakkwato, domin sai a 1976 aka yi Jihar Sakkwato, Jihar Kebbi kuwa sai a 1991.

Daminar 1975

Bayan fari, manoman Arewa sun shiga daminar 1975 da fatan mai da asara. Gyaɗa ta tsiro, sai aka ga baƙin ƙwaron darɓa ya rufe ƙananan ganyaye da yawan da ba a saba gani ba. Bayan 'yan makonni gonaki suka fara sauya kama. Wasu tsirrai ganyensu ya koma rawaya ya nannaɗe, wasu suka yi kore shar amma suka tsugune, duka dai ba girma. Da aka zo cira, sai a tumɓuke gindi a tarar ba kwanso ko ɗaya, ko kuwa a sami 'yan kwansuna marasa ƙwaya. Cutar ta bi yankin gyaɗa na Arewa, ta ƙetara Jamhuriyar Nijar inda ta yi wa manoman Maraɗi da Damagaram irin wannan ɓarna.

Ƙiyasin masana ya nuna cewa a Nijeriya kaɗai annobar ta lalata gonakin gyaɗa kimanin hekta 700,000, asarar kuma ta kai wajen dalar Amurka miliyan 250, a zamanin da naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. Mai karatu ya tuna cewa wannan asara ba a baitulmali ta faɗa ba. Ta faɗa ne a kan mutumin da ya ci bashin iri, da matar da ta sa jarinta a man gyaɗa, da ɗan dako, da mai jaki, da ma'aikacin kamfanin matsar mai a Kano. A shekara ta gaba, wato 1976, masana uku na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, J. Y. Yayock da H. W. Rossel da C. Harkness, suka rubuta bitar abin da ya faru, wadda har yau masu bincike suke komawa gare ta.

Abin lura shi ne hankalin ƙasa a wannan shekara yana wani wuri. Kuɗin Udoji ya shigo hannun ma'aikata, kasuwannin birane sun cika da rediyo da babura, a ranar 29 ga Yuli kuma aka yi juyin mulkin da ya kawo Janar Murtala Muhammed. Kuɗin man fetur ya sa gwamnati ba ta ji zafin rashin gyaɗa yadda da za ta ji shi shekara goma kafin nan ba. Manomi kuwa ya yanke hukuncinsa shi kaɗai: da yawa suka bar gyaɗa suka koma wake da gero da dawa. Cutar ta sake dawowa a 1983 da 1985 da 1988, kowace dawowa tana ƙara kashe wa mutane gwiwa. Fitar da gyaɗa waje ya tsaya kusan cik, ƙasar da take sayar wa duniya ta koma sayen man girki daga waje, a 1986 kuma aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona baki ɗaya. Ashe ke nan fari da ƙarancin farashi da man fetur sun raunana dala, kuturta ce ta zo ta ƙarasa ta.

Mece ce Wannan Cuta?

Ba a 1975 aka fara saninta ba. Wani masani Bajamushe mai suna Zimmermann ya bayyana ta tun 1907 a ƙasar da ake kira Tanzaniya a yau. A shekarun 1920 wasu masana biyu a Afirka ta Kudu, Storey da Bottomley, suka tabbatar da cewa ƙwaron darɓa ne yake ɗaukar ta daga tsiro zuwa tsiro. Daga baya bincike ya gano cewa abubuwa uku ne suke haɗuwa su haifar da ita: ƙwayoyin cuta biyu na jinsin bairas da wani ɗan guntu da yake raɓe da ɗayansu. Guntun nan shi ne yake kawo alamun ciwo a ganye, ɗayan bairas ɗin kuma shi yake ba su rigar da ƙwaro zai iya ɗaukar su a ciki. Cutar ta Afirka ce, ba a san ta a Kudancin Amurka inda gyaɗa ta samo asali ba.

Akwai abubuwa uku da ya kamata kowane manomi ya sani game da ita. Na farko, ba ta bin iri, wato ƙwayar gyaɗar da aka shuka ba ita take kawo ta ba. Tana kwana ne a jikin gyauro da tsirran da suka tsallake rani da ɗanyen ganye, daga nan ƙwari masu fiffike su ɗauko ta, iska ta kai su nesa. Na biyu, ƙwaron yana haihuwa ba tare da barbara ba, 'ya'yansa kuma cikin kwanaki kaɗan suke fara tasu haihuwar, shi ya sa gona takan cika da shi kafin mai ita ya farga. Na uku, ƙwaron ya fi sauka a gonar da tsirranta suke warwatse ana hango ƙasa a tsakaninsu, kuma tsiron da ya kamu yana ƙarami shi ne ba ya yin 'ya'ya sam. Saboda haka shuka da wuri da kuma shuka a matse su ne rigakafi na farko. Idan muka dubi wannan, za mu gane yadda fari ya share wa annoba hanya, domin manomin da ya cinye irinsa saboda yunwa dole ya shuka kaɗan a warwatse, ko ya makara yana neman bashin iri.

Wani abin takaici shi ne, tun a farkon shekarun 1950 masu bincike na Faransa suka gano irin gyaɗa mai jure kuturta a hannun manoman kan iyakar Barkina Faso da Kwaddibuwa. Daga wannan ne aka fitar da iri kamar RMP 12, wanda a nan aka sa wa suna SAMNUT 10. Matsalarsa ita ce yana bukatar wata huɗu da rabi zuwa biyar kafin ya nuna, daminar Kano da Katsina da Sakkwato kuwa ba ta kai haka. Magani yana nan, amma bai dace da mara lafiya ba. Sai da aka shafe shekaru ana aiki tsakanin Samaru da cibiyar ICRISAT kafin a haɗa juriya da saurin nuna. A 2001 aka fitar da SAMNUT 21 da 22 da 23, a 2011 kuma SAMNUT 24 mai nuna cikin kimanin wata uku. Daga annoba zuwa cikakken magani an yi shekara 26, wato yaron da aka haifa a daminar kuturta ya riga ya zama magidanci.

Ba Mu Kaɗai Ba Ne

Tarihin duniya cike yake da irin wannan. A ƙasar Ailan, daga 1845, wata cuta ta ruɓar da dankalin Turawa wanda talakawa suka dogara a kansa, galibi kuma iri guda suke shukawa. Mutane kimanin miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi hijira. A tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, tsatsar ganye ta bayyana a gonakin kofi a 1869, ta kashe sana'ar har aka koma noman shayi. A Amurka cutar da aka fara gani a birnin New York a 1904 ta hallaka biliyoyin itatuwan wani irin gyaɗar bishiya cikin shekara hamsin. A Gana, cutar kumburin reshe da aka gano a 1936 ta sa an sare miliyoyin itatuwan koko, abin da ya jawo rikici tsakanin manoma da gwamnatin mulkin mallaka. A kusa da mu kuma, a 2023, cutar ruɓa ta cinye mafi yawan cittar da aka shuka a Kachiya da Kagarko da Jaba a kudancin Kaduna. Abin da ya haɗa waɗannan labarai duka shi ne jama'a ta tattara arzikinta a kan amfani guda, sau da yawa ma iri guda, cuta kuwa idan ta iya da ɗaya ta iya da duka.

Sabuwar Dala

A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi, daga nan noman shinkafa na rani da damina ya bunƙasa a fadamun jiharmu, har da bakin tafkin Kainji. A watan Janairu na 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja, masu jawabi suna ta tuna dalar gyaɗa. Mu ma mun yi murna, amma wanda ya san yadda ta farko ta rushe dole gabansa ya faɗi.

Shinkafa tana da nata cututtukan. Akwai wadda take ƙona ganye ta karya wuyan zangarniya a sami ƙaiƙayi maimakon ƙwaya. Dangin fumfuna ce, tana bin iska da iri, tana son raɓa, tana kuma ƙaruwa idan aka cika wa gona takin yuriya. Akwai kuma cutar rawayar ganye ta bairas, wadda aka fara gani a 1966 kusa da Kisumu a ƙasar Kenya, aka kuma same ta a Afirka ta Yamma a shekarun 1970. Wannan tana kwana a jikin gyauron shinkafa da shinkafar daji, ƙwari da dabbobi da hannun mai dashe suna yaɗa ta. Albasarmu ma tana da ciwon da yake fitar da tabo mai ruwan shuni a ganye idan laima ta yi yawa, ganye ya bushe tun kai bai kwanta ba.

To, mu duba fadamunmu da idon 1975. Manoma da yawa iri guda suke shukawa, musamman FARO 44. Ana girbe na damina a dasa na rani, ba a bar ƙasa ta huta ba, saboda haka cuta tana samun ɗanyen ganye shekara zagaye, abin da a da rani yake hana ta. Da yawa kuma da bashi suke noman. Waɗannan su ne irin ƙofofin da kuturta ta bi. Abin da tarihi yake koya mana a nan mai sauƙi ne: a riƙa cakuɗa iri, kada a yar da irin gargajiya da kakanni suka tace, a tumɓuke gyauro bayan girbi, unguwa ta haɗa kai ta yi shuka lokaci guda, a kuma kai rahoton duk wani baƙon ciwo ga malamin gona tun yana kan kunya ɗaya. Cibiyar Binciken Hatsi ta Badeggi da ta Samaru suna da ilimin, abin da yakan yi ƙaranci shi ne mai kai shi bakin gona da harshen da manomi yake ji.

Kammalawa

A nan ne aikinmu yake, 'yan'uwa marubuta. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya nuna mana cewa tarihin Yauri abin rubutawa ne, har duniya ta karanta. Tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe ya sami masu yi masa hidima, tarihin gona kuwa yana nan a bakin tsofaffi. Wanda yake da shekara 20 a daminar 1975 yanzu ya kai 70 ko ya wuce. Idan ba mu zauna da su yanzu ba, mu tambaye su abin da suka gani a gonakinsu, da abin da suka ci a wannan shekara, da yadda suka biya bashi, da auren da aka ɗaga, to za su tafi da labarin.

Muna kira ga matasan da suke neman abin rubutawa da su ɗauki littafi da biro su shiga kasuwar Yelwa da ta Wara, su zauna da tsofaffin mata masu ƙuliƙuli da dattawan da aka taso daga tsibirai. Wanda ya sami hali ya leƙa gidan adana takardun tarihi na Kaduna da Gidan Arewa, ya buɗe tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo na wannan shekara. A cikin wannan abu akwai ƙagaggen labari, akwai wasan kwaikwayo, akwai waƙar gargaɗi irin wadda malamanmu na da suka saba yi. Ba mu hana kowa rubuta soyayya ba, amma saurayin da gonarsa ta kuturce ana saura wata biyu a kai lefe shi ma yana da labarin da ya cancanci a ji.

Mu kam a ajinmu mun sauya tambaya. Yanzu mukan ce wa ɗalibai su koma gida su tambayi kakanninsu sunayen cututtukan shuka da suka sani, da shekarar da kowace ta fi ɓarna, su rubuto mana. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana amfanin gonakinmu daga annoba, amin.